Gidan Kakan Jagora

Abuja,
farkon watan Safar.

Zuwa ga uwargijiyata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya Kawu Jinjiri da ciwon gwiwar nan tasa? Yaya maigidanki da yara, yaya kuma zaman Batsari? Mu nan lafiya lau, sai zafin aiki. Tun da aka rufe muku layukan waya na rasa mai zagina da sassafe, har na soma ƙiba. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na ce bari bawanki, taubashinki, ya koma ga biro da takarda kamar zamanin muna firamare. Zan ba direban tashar Katsina, shi kuma ya miƙa wa Sadiq mai a-kori-kura. Idan kin amsa, ki biyo da ita ta wannan hanyar.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san Yaya Zainulabideen ɗan marigayi Kawu Kamilu, wanda yanzu duk ƙasa ke kira Jagora, maganar takararsa ta fara fitowa fili. To 'yan adawa sun sako shi gaba, wai ba shi da asali, wai daga ƙetare aka zo da ubansa. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai. An kafa kwamiti na masana don a fito da tarihin gidansu, kuma an yanke cewa zai zo da kansa ya ziyarci gidan kakansa, da 'yan jarida da komai. Ni aka ɗora wa tattaro bayani, tunda ni ne ɗan gida a ofis. Sai dai kin san Inna Hansai ta rasu ban tsaya na tambaye ta komai ba, ina ganin kullum tana nan. Yanzu Kawu Jinjiri kaɗai ya rage cikin 'ya'yan kaka Labaran.

Don Allah ki zauna da shi ki kwaso min duk abin da ya sani: daga ina Labaran ya zo, ina aka haifi Kawu Kamilu, ina ya yi ƙuruciya, wa ya riƙe shi. Kada ki rage komai.

Kin kuma san yadda tafiyar manya take. Duk inda za su sa ƙafa, sai jami'an tsaro sun riga su isa, kuma ba a cika kwashe su duka ba bayan an watse. Ban yi alkawari ba, amma wa ya sani ko ta nan Allah zai mayar da ku Unguwar Fawa.

Ki gaishe da Kawu da kyau. Ki rubuta da hannu mai kyau, ba irin tafiyar kazar nan taki ba.

Bawanki,
Armaya'u.

*

Batsari,
tsakiyar Safar.

Zuwa ga bawana Armaya'u,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, ta sha man fetur a aljihun Sadiq, amma ta karantu. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwar Baba tana nan yadda ka sani, sai ya dafa bango yake tashi. Maigidana yana gaishe ka. Zaman Batsari kuwa, gida uku ne muke cunkushe a gidan surukaina, in ka yi atishawa sai mutum goma sun ce maka yarhamukallah. Makarantar da nake koyarwa a Runka har yau a rufe take. An hana kasuwar dabbobi, don haka mahautanmu suna zaune suna kallon wuƙaƙensu. Batun ƙiba kuma, ka ci gaba, dama bawan da ba a sa shi aiki haka yake lalacewa.

Da na karanta wa Baba takardarka, yana kwance ne a kan tabarma. Ina kaiwa inda ka ce Jagora zai zo gidan kakansa, sai ya tashi zaune, ya ce a miƙo masa hularsa. Ya ce ba a ba da labarin Labaran kai ba hula. Rabon da in ga idonsa ya yi haske haka tun ranar da muka baro gida da tabarmi a ka.

Ga abin da ya faɗa. Labaran daga wajen Karare ya taso yana saurayi, da wuƙar ubansa da jaki ɗaya. Ya sauka gindin wani marke a gabashin Runka, ya kafa tukuba, yana yanka ranar kasuwa. Mutane suka riƙa taruwa a kusa da shi har wurin ya zama unguwa, aka naɗa shi Sarkin Fawa. Baba ya ce ana gobe kasuwa in makaɗa suka ɗauki takensa da kalangu, har matan rugage sun san Labaran zai kayar da sa. 'Ya'yansa da suka rayu uku ne: Kamilu, sai Hansai uwarka, sai Baba auta, wanda sunan Jinjiri ya bi shi har furfura.

An haifi Kamilu a ɗakin da ke hannun dama in ka wuce zaure, kuma a bayan ɗakin aka binne cibiyarsa. Baba ya ce zai iya nuna wurin da sandarsa ko ido a rufe. Kamilu bai gaji fawa ba. Ranar da aka fara ba shi ƙafar akuya ya riƙe, ana sa wuƙa ya sulale ƙasa sumamme. Shi ya sa da aka ce kowace unguwa ta ba da yaro ɗaya a kai makarantar boko, Labaran bai yi dogon tunani ba. Aka kai shi Safana, aka ajiye shi a gidan wani malami, Malam Nurain, ya zauna nan har ya gama elementare. Duk ranar kasuwa Labaran yakan aika wa malamin cinya guda don godiya, har malamin ya rasu ba a fasa ba.

Daga nan Kamilu ya wuce Katsina, ya zama akawu, zuwansa gida ya riƙa raguwa. Amma Baba ya ce in gaya maka bai taɓa wulaƙanta kowa ba. Zuwansa na ƙarshe shi ne rasuwar Labaran, ya zo da Zainu yana ɗan ƙarami. Ga maganar Baba yadda ya faɗe ta: "Ni na ɗauke shi bisa wuyana munka zaga kasuwa. Ya ci tsire har cikinai ya ɓaci, uwatai ta yi ta faɗa. Ki ce mishi baffanai na nan bai mutu ba."

Yanzu saura tambayata, kuma ka ajiye wasa ka amsa min. Maganar jami'an tsaron nan, da gaske ana barin su? Gero ya nuna a gonakinmu. Masu ƙarfin hali ne suka riƙa zuwa da rana a sace suka noma shi, kuma ba wanda ya san yadda za a girbe. Baba ba ya roƙon Allah komai yanzu sai ya sake kwana a ɗakinsa. In zuwan Jagora zai ba mu wannan, to wallahi ko bai gaishe mu ba mun gode.

Ka ga hannuna ya fi naka kyau, kada ka ji kunya.

Uwargijiyarka,
Zuwaira.

*

Abuja,
ƙarshen Safar.

Ranki ya daɗe uwargijiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan Kawu yana samun sauƙi, ku ma kuna lafiya. Ni mura ce ta ɗan taɓa ni, ta wuce.

Bayaninki ya iso, na miƙa wa kwamiti. Shugabansu, wani farfesa mai gilashi biyu, ya karanta har sau biyu, ya ce ashe a dangin mahauta ma akwai masu iya rubutu. Na ce masa ai ke kaɗai ce, ke ma da ƙyar. Sun fi tsayawa a kan zaman Kawu Kamilu a Safana, suka yi ta tambayata ko zuriyar Malam Nurain suna nan, ko gidan yana tsaye. An aika mutum ya dubo.

An sa ranar ziyara, Asabar ta ƙarshen watan Maulidi. Jami'an tsaro za su isa gidan kakan Jagora tun kafin ranar, kuma na ji ana cewa za a bar musu sansani a wurin, har da gyaran hanya.

Ke kuma na san halinki, yanzu kin fara lissafin yaɓe da share-share. Kada ki wahalar da kanki, 'yar mahauta. Wa ya gaya miki mutumin da ke neman kujerar ƙasa zai zauna a zauren fawa, ƙudaje suna bin babbar rigarsa, 'yan jarida suna ɗauka? Ƙila ma mu samo masa kakan da ya fi Labaran ƙamshi, mai rawani da gafaka. Ku dai ku zauna a Batsari ku ci gaba da atishawarku, ku bar manya su yi harkar manya.

Aiki ya yi yawa, ƙila ki ji ni shiru kwana biyu. A gaida Kawu.

Bawanki mai biyayya,
Armaya'u.

*

Unguwar Fawa,
cikin watan Maulidi.

Kai bawan banza,

Assalamu alaikum. Dubi saman takardar nan da kyau ka ga daga inda nake rubuto maka. Muna lafiya, Baba har ya ajiye sanda jiya ya taka daga zaure zuwa gindin marke da ƙafarsa. Allah ya ƙara maka sauƙin murar, ko da yake na san ƙarya ce, ragwanci ne.

Na karanta wa mutane takardarka a tsakar gida, aka yi ta dariya. Da na zo wurin kaka mai ƙamshi, Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗan Hansai ke nan. Uwatai ma haka take, ba ta iya faɗin alheri sai ta naɗe shi cikin tsiya." To bari in tuna maka, ƙudajen da kake rainawa su suka yi maka rakiya zuwa makaranta, kuma da romon kan sa aka yaye ka. In ka zo zan sa ka wanke kayan ciki a gaban farfesanka.

Da muka ji an sa rana kuma za a kafa sansani, maza suka yi shawara a masallaci cewa bai kamata baƙo irin wannan ya tarar da kufai ba. Aka fara zuwa da rana ana dawowa, daga baya aka ga ɓata lokaci ne, wasu suka fara kwana. Yanzu gida bakwai sun dawo, har da mu. Abin da muka tarar ba daɗin faɗi. An cire ƙyamare, katangar yamma ta zube, tumfafiya ta fito a ɗakin da aka haife ni. Na tsaya a tsakar gida na yi kuka mai isata, sannan na ɗaura ɗankwali na ɗauki tsintsiya.

An yi gayya an yaɓe zaure, an yi masa sabuwar jinka. Mu mata muka yi daɓe a ɗakin Kamilu da makuba, har yana ɗaukar ido. Baba ya sa an kewaye inda aka binne cibiyar da duwatsu, wai don kada 'yan jarida su tattake. An fara yankan gero, ɗaurin farko ya shiga rumbu. Ardon nan da Baba ya daɗe yana sayen shanu a hannunsa ya kawo bijimi fari, ya ce a yanka wa baƙo, a yi maganar sauran daga baya. An nemo jikan makaɗin Labaran a Darini, ashe yana riƙe da taken, ya gwada mana shi da la'asar. Baba hawaye kawai yake yi yana kaɗa kai.

Labari ya gama ko'ina. Baba ba ya barin kowa ya wuce bai gaya masa ba. Shekaranjiya wasu samari biyu a kan babur, waɗanda ba mu san fuskarsu ba, suka tsaya suna tambayar gidan wa ake gyarawa haka. Na yi wa Baba ido, amma ina. Ya ce musu gidan kakan Jagora ne, shi kuma ƙanen ubansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Suka ce Allah ya sa alheri, suka wuce. Abin ya ɗan tsaya min a rai, sai na tuna jami'an tsaro suna tafe.

To yaushe za su iso? Kullum muna duban hanyar Runka. Na san ka ce aiki ya yi yawa, amma ka rubuto ko layi biyu ne. Ka kuma gaya min ko Jagora yana cin yaji, saboda masu kilishi suna tambaya.

Uwargijiyarka,
Zuwaira.

*

Batsari,
farkon Rabi'us Sani.

Armaya'u,

Sallama. Ba lafiya ba. Ban san ko takardata ta baya ta same ka ba, don ban ga amsa ba. Sadiq ya rantse ya miƙa ta hannu da hannu a tasha.

Ranar Asabar tun da hantsi muka shirya. An kayar da bijimi, Baba da kansa ya sa wuƙa. Ya sa farar rigarsa ta Idi ya zauna a zaure, makaɗi a gefensa. Ba mu ga jami'i ko ɗaya ba, amma muka ce ƙila tare za su zo. Azahar ta yi, aka yi salla a gurguje don kada su iso muna sahu. Can maigidana ya kunna rediyo don mu ji ko sun baro Katsina.

Sai muka ji guɗa da algaita. Mai gabatarwa yana cewa ga Jagora ya sauka a Safana, a gidan kakansa, babban malami Malam Nurain, gidan ilimi da karatu tun kaka da kakanni. Muka ji farfesanka yana bayanin yadda Kamilu ya tashi a zauren nan yana wanke allo. Muka ji Jagora da bakinsa yana cewa yau ya taka inda aka binne cibiyar mahaifinsa. Aka ce an kafa sansanin tsaro a unguwar, za a kuma yi mata kwalta. A cikin waɗanda aka gode wa na ji sunanka.

Ba wanda ya iya kallon Baba. Ya saurara har aka gama, sannan ya ce wa makaɗi ya mayar da kalangunsa jaka. Ya ce a raba naman, kada ya lalace. Maza suka ce a kwashe a koma Batsari tun da sauran rana, ya ce shi ba inda za shi, ya gaji da gudu. Aka kwashe yara da yawancin mata, mu kaɗan muka tsaya lallashinsa.

Washegari da rana tsaka mutanen daji suka zo, babura ba iyaka. Ba su taɓa rumbu ba, ba su kori dabba ba, ba su ko kalli sauranmu ba. Ɗaya daga cikin samarin nan biyu ne ya nuna shi, ya ce ga baffan Jagora. Na riƙe rigarsa, aka buge min hannu da gindin bindiga. Suka ɗora shi a tsakiyar mutum biyu, da gwiwar nan tasa da ba ta lanƙwasuwa.

Sun aiko ta bakin Ardo. Sun ce ba su da magana da mu, mu talakawa ne. Jagora suke so ya aiko wakilinsa, tunda ubansa ne a hannunsu. Ka ga inda muka tsaya: duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya yarda mu dangin Jagora ne sai mutanen daji.

Ba zan tambaye ka komai ba yanzu, ba ni da ƙarfinsa. Ka shiga wurinsa ka gaya masa mutumin da ya ɗauke shi a wuya yana daji ba maganinsa. Ka amsa min da motar da ta kawo wannan.

Zuwaira.

*

Abuja,
Rabi'us Sani.

Zuwa ga 'yar'uwata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi tun da na karanta takardarki abinci bai wuce min ba. Allah ya kuɓutar da Kawu, ya ba ku haƙuri. Yaya hannun naki?

Takardarki ta Unguwar Fawa ta same ni ana saura kwana kaɗan, muna Katsina muna shirye-shirye. Na yi niyyar in aiko a ce ku tashi, amma an hana kowa fitar da maganar Safana kafin ranar, kuma idon kowa yana kaina saboda an san inda na fito. Na ɗauka za ku ga ba jami'ai ku gane da kanku. Kuma Zuwaira, ki duba takardata ta ƙarshen Safar. Na ce kada ki yi yaɓe. Na ce ku zauna a Batsari. Na ce za a samo masa wani kakan. Duk na faɗa, ban ɓoye ba, iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan ban rasa aikina ba.

Na samu ganin Jagora. Ya ce ya tuna tsiren. Amma masu ba shi shawara sun ce in ya aika wakili, ya tabbatar wa duniya cewa abin da aka yi a Safana shiri ne, kuma mutanen dajin za su ƙara riƙe Kawu tunda sun san abin da ke hannunsu. Sun ce abin da zai fi sauƙi shi ne a nuna musu kuskure suka yi, tsoho ne kawai da ruɗin tsufa ya sa yake faɗin abin da ba haka ba. In sun gamsu ba kowa ba ne, za su sake shi. Na san da ɗaci, amma ni ma na duba ban ga wata hanyar ba.

Jagora ya ce in komai ya lafa za a nema muku gida a Katsina a zuba muku kayan abinci, ba tare da an yi surutu ba. Don Allah ki karɓa. Ki yafe min abin da kika ga na yi ba daidai ba.

Ɗan'uwanki,
Armaya'u.

*

Batsari,
Jimada Ula.

Malam Armaya'u,

Wa'alaikumus salam. Hannuna ya warke. Baba ya dawo, yana da rai. An ce an kusa buɗe layukan waya, shi ya sa nake so wannan ta riga su isa, don kada ka kira ni.

Na duba takardar taka kamar yadda ka ce. Gaskiya ne, duk ka faɗa. Amma ni da kai tun muna tsirara muke zagin juna, ka taɓa ce min za ka sayar da ni a kasuwar Runka ka sayi jaki, ban kwana da tsoro ba. Ka san ba a ɗaukar maganar taubashi a kai ta gaban dattawa a ce gargaɗi ce. Na roƙe ka ka ajiye wasa ka amsa min, sai ka ɗauko magana mafi nauyi a rayuwarmu ka saka ta a inda ka tabbata ba zan gan ta ba, don ranar da abin ya fashe ka ce ai ka faɗa. Da shiru ka yi, da na ce tsoro ne ya kama ka. Wannan kuwa sai da ka zauna ka tsara shi. Kuma sunan Malam Nurain a bakin Baba kuka same shi, da hannuna na rubuta muku. Wannan zai daɗe yana ci na.

Mun bi shawarar masu ba ku shawara, tunda ba mu da wata. Ardo ya shiga daji ya gaya musu kuskure ne, suka ce su ma sun ji rediyo, amma manya sun saba ɓoye nasu. Suka ce tsohon ya rantse da bakinsa. Baba ya ƙi. Ardo ya koma, Baba ya sake ƙi. Ƙafarsa ta kumbura, ba ya iya cin abin da suke ba shi, amma ko an tambaye shi sau nawa amsarsa ɗaya ce, Kamilu wansa ne.

Sai na ɗauki wayar maigidana na naɗi muryata, Ardo ya tafi da ita. Na ce ni Zuwaira ni na ƙirƙiri labarin don a kawo mana jami'an tsaro, na cusa wa tsoho shi har ya ɗauka gaskiya ne. Na ce ba mu haɗa komai da Jagora ba. Sannan na ce, Baba, don darajar Allah ka dawo mana. Ardo ya ce sau biyu Baba ya sa aka kunna masa. Daga nan ya nemi ruwa ya yi alwala, aka miƙo masa Alƙur'ani, ya ɗora hannu ya ce ubansa bai haifi wani Kamilu ba, bai san shi ba.

Suka yi masa dariya, suka ce tsohon mahauci maƙaryaci ya ɓata musu lokaci. Suka ajiye shi a bakin hanya. Don hushin wahalar da suka sha, suka bi ta Unguwar Fawa suka sa wuta, zaure da ɗakuna da rumbunan da muka cika. Ba sauran abin da za a koma a tarar. A nan Batsari kuma labari ya riga shi isowa. In ya wuce majalisa sai a yi ƙasa da murya, na ji da kunnena wani yana cewa ga tsohon da ya laƙa wa kansa dangin manya har ya jawo wa unguwa wuta.

Ka gode wa Jagora, ba ma bukatar gidan Katsina. Mun rantse ba mu san shi ba, ba za mu ci abincinsa a ɓoye ba. Ka ce ya kwantar da hankalinsa ya yi takararsa, mutum na ƙarshe da zai iya cewa shi jikan mahauci ne ya dafa Alƙur'ani ya ce ƙarya ne. Ka ce in yafe maka. Ban iya ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙaryar na iya ba.

Tun da Baba ya dawo yake azumi. Liman ya zo har gida ya gaya masa wanda aka tilasta babu komai a kansa, likita ma ya ce jikinsa ba zai ɗauka ba. Bai saurari kowa ba. Jiya da na kai masa kunu ya sha ruwa, na durƙusa na ce, Baba, Allah ya san tilasta maka aka yi, kuma su suka fara yar da mu. Ya daɗe yana juya ludayi. Sai ya ce, "Ɗanai ne ya yar da mu, ɗiyata. Yaya Kamilu har ya koma ga Allah bai taɓa cewa bai san ni ba. Ni na ce ban san shi ba."

Yau ma da azumi ya tashi.

Zuwaira Jinjiri Labaran.